Yaro ko tsohon hannu: cinikin Shai da Paul George ya hana majalisarmu zaman lafiya

1/
Jiya da daddare musu ya sake ɓarkewa a majalisarmu kan ƙwallon kwando, har mai shayi ya ce mu rage murya. Tambayar ita ce: ya dace kulob ya ba da yaro mai tasowa don ya karɓi tsohon hannu? Na ce zan rubuta nawa ra'ayin a nan don in huta da maimaitawa. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Bari in fara da tona wa kaina asiri. Safiyar Asabar 6 ga Yulin 2019 na farka na ɗauki waya, sai ga labari: Kawhi Leonard ya zaɓi Clippers, kuma Clippers sun karɓo Paul George daga Oklahoma City Thunder. Wallahi tsalle na yi. Na rubuta a group ɗinmu cewa an gama, a kawo kofi kawai. Har yau akwai wanda ya ajiye hoton saƙon, duk shekara sai ya turo min 😭

3/
Ga 'yan ƙwallon ƙafa da suka shigo zaren: a NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi irin yadda Madrid ke yi. Musaya ake yi, ka ba ni in ba ka. Kuma akwai wata kadara da ake ce wa gurbin diraf, wato damar zaɓen sababbin yara masu shigowa gasar duk shekara. Kulob ɗin da ya fi shan kashi shi ya fi samun damar zaɓe da wuri.

4/
Ma'ana idan ka ba wani kulob gurbinka na shekara mai zuwa, sannan kakarka ta lalace, shi zai ci moriyar wahalarka. Kai ka sha duka, shi ya ɗauki yaron. Ku riƙe wannan a ranku, don a nan yawancin ciniki ke rikiɗewa ya koma bala'i.

5/
To me Clippers suka bayar? Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da guraben zagayen farko guda biyar: nasu na 2022 da 2024 da 2026, da wasu biyu na Miami da ke hannunsu. Sannan suka ba Thunder damar musanya gurbi da su a 2023 da 2025. Duk wannan a kan mutum ɗaya.

6/
In kun lura ana tsallake shekara: 2022, 2024, 2026. Doka ce. NBA ta hana kulob ya zama ba shi da gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba, saboda wani mai Cleveland, Ted Stepien, da ya yi ta rabar da nasa a farkon shekarun 1980 har kulob ɗin ya tsiyace. Sai masu wayo suka cike tsakiyar da musanya. Shi ya sa Thunder suka riƙe wuyan Clippers shekara bayan shekara.

7/
Yanzu adalci. Wane ne Shai a ranar? Yaro ɗan shekara 20, an zaɓe shi na 11 a 2018, ya yi kaka ɗaya, maki 10.8 a kowane wasa. Yana da kyau, dogo ne, yana da natsuwa, ya ci maki 25 a wani wasan fidda gwani da Warriors. Amma duk wanda ya ce maka tun lokacin ya san zai zama gwarzon gasar gaba ɗaya, ka ce ya nuno inda ya rubuta.

8/
Shi kuma Paul George fa? Shekara 29, ya gama kakar da ta fi kowacce kyau a rayuwarsa: maki 28 a kowane wasa, ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar, ya zo na uku a zaɓen MVP. Ga shi kuma abin da aka ruwaito shi ne Kawhi ya nuna sai an kawo masa George zai sa hannu. Kenan mutum biyu suka saya da wannan farashin.

9/
Kawhi ɗin ma ba ƙaramin kai ba ne. Makonni uku kafin nan ya ɗaga kofi da Toronto, shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Ga kulob da aka kafa tun 1970, bai taɓa kai wa ko wasan ƙarshe na yankinsa ba, yana zaune gari ɗaya da Lakers ana yi masa dariya. Ka zo ka ce musu su yi haƙuri su jira yaro ya girma? Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

10/
Shi ya sa ba na son masu zuwa yanzu suna cewa "wawan ciniki". Da na sani ƙeya ce. Kowa malami ne bayan an fito da sakamako. Abin da ya kamata a auna shi ne abin da aka sani a ranar da aka sa hannu. Kuma ko da wannan ma'aunin, akwai abin da ya kamata ya tsorata mu, ni dai murna ta rufe min ido.

11/
Abu na farko: lafiya. A bazarar nan ta 2019 aka yi wa George tiyata a kafaɗu biyu. Kawhi kuwa wasa tara kacal ya buga a kakar 2017-18, kuma a Toronto lallaɓa shi aka yi ta yi, ana hutar da shi. Wannan ba sirri ba ne, kowa ya sani. Aka ɗauki shekaru bakwai na gaba aka jingina su a kan jikin mutum biyu da asibiti ya riga ya san su.

12/
Ga yadda ta kaya. 2020: suna gaba 3-1 a kan Denver, suka bari aka farke. Na tashi ƙarfe biyun dare na kalli wasa na bakwai da datana. Kawhi maki 14, George maki 10, kuma a zangon ƙarshe ko ɗaya babu wanda ya jefa a cikinsu. Aka tashi 104-89. Na kashe waya na kwanta, barci ya ƙi zuwa.

13/
2021: Kawhi ya yage jijiyar gwiwa a karawarsu da Utah. A nan dole in yaba wa George, shi ya ɗauki kulob ɗin a kafaɗa har suka kai wasan ƙarshe na Yamma karo na farko a tarihinsu, ya ci 41 a wasa na biyar da Phoenix. Amma Suns suka fitar da su 4-2. Iyakar nisan da tafiyar ta yi kenan.

14/
Kakar 2021-22 Kawhi bai taka fili ba ko sau ɗaya, Clippers ba su shiga zagayen fidda gwani ba. 2023 da 2024 an fitar da su tun zagayen farko, rauni a kan rauni. A Yulin 2024 George ya tattara ya koma Philadelphia da kwantiragin dala miliyan 212, Clippers ba su samu ko allura a madadinsa ba. Shekara biyar, zagaye uku kawai suka tsallake.

15/
Kun tuna abin da na ce ku riƙe? Kakar nan da Kawhi ke jinya ita ta sa gurbin Clippers na 2022 ya zama na 12. Thunder suka ɗauki Jalen Williams da shi. Wannan yaron ne ya zuba maki 40 a wasa na biyar na ƙarshen gasar 2025. Ciwon gwiwar Kawhi ya zama wa Oklahoma tauraro na biyu.

16/
Shai kuwa kun san labari. Kakar 2024-25: maki 32.7 a kowane wasa, ya fi kowa, MVP na kaka, Thunder sun ci wasa 68 cikin 82, suka doke Indiana a wasa na bakwai, ya sake zama gwarzon wasan ƙarshe. Abin da Clippers suka je nema da George, yaron da suka bayar ne ya ɗauko shi.

17/
Wani abin mamaki: Indiana ɗin ma daga George arzikinsu ya fito. A 2017 suka ba Thunder shi suka karɓi Oladipo da Sabonis. A 2022 suka ba Sacramento Sabonis suka karɓi Haliburton yana ɗan shekara 21. Kulob biyu da suka rabu da George su suka haɗu a wasan ƙarshe na 2025. Shi yana gida yana kallo kamar ni 😂

18/
To a nan ne abokin musuna ya ce, "Ka gani ko? Kada a taɓa ba da yaro." Ni kuma na ce a'a malam, dakata. Misali ɗaya ba ya zama doka. Mu duba ɗaya ɓangaren, don akwai kofuna da yawa da aka saya da yara.

19/
A watan Yunin 2019 ɗin nan dai, Lakers sun ba New Orleans Brandon Ingram da Lonzo Ball da Josh Hart da guraben zagayen farko uku, suka karɓi Anthony Davis. Ingram ya je can ya zama tauraro a kakarsa ta farko. Lakers kuma suka ɗaga kofi a 2020. Je ka tambayi ɗan Lakers ko yana nadamar Ingram.

20/
2014: LeBron ya dawo Cleveland, suka ba da Andrew Wiggins, wanda suka zaɓa na ɗaya watanni biyu kacal da suka wuce, ko wasa ɗaya bai buga musu ba, suka karɓi Kevin Love. An zage su sosai. A 2016 suka farke 3-1 a kan Warriors, birnin ya ga kofi bayan shekara 52.

21/
Abin da ya fi burge ni: a bazarar nan ta 2014 Warriors ma sun nemi Love, amma suka ƙi sakin Klay Thompson. Ɗan wasa ɗaya, kulob biyu, ɗaya ya ba da yaro ɗaya ya hana, kuma kowa ya ci kofi. Cleveland suna da LeBron mai kusan shekara 30, lokaci yana ƙure musu. Warriors duk yara ne, babu abin da ke korarsu.

22/
Sai kuma mutumin Zariya, Masai Ujiri. A 2018 ya ba San Antonio DeMar DeRozan, wanda Toronto ke ƙauna kamar me, da Jakob Poeltl, da gurbi ɗaya tak mai kariya, ya karɓi Kawhi da Danny Green. Ya san shekara ɗaya ta rage a kwantiragin Kawhi. Ya yi kasada, kuma kofin farko a tarihin Toronto ya zo a 2019.

23/
Amma ku dubi abin da Masai bai bayar ba. Pascal Siakam ɗan Kamaru ya zauna. OG Anunoby ya zauna. Fred VanVleet ya zauna. Da Kawhi ya tafi bayan shekara ɗaya, gidan bai rushe ba, kakar da ta biyo baya ma su ne na biyu a Gabas. Kawhi ɗaya ne, kulob biyu suka yi caca a kansa. Farashin ne ya bambanta.

24/
Mafi munin misali shi ne Brooklyn a 2013. Suka karɓi Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, suka ba da gurabensu na 2014 da 2016 da 2018, da musanya a 2017. Zagaye ɗaya suka tsallake. Pierce ya tafi bayan shekara ɗaya, Garnett bai cika biyu ba.

25/
Brooklyn suka faɗa rami, Boston na gefe tana kwasa. Gurbin 2016 ya zama Jaylen Brown. Na 2017 ya zama na ɗaya, suka juya shi suka ɗauki Jayson Tatum. Su biyun suka kawo wa Boston kofin 2024. Brooklyn ba su ma ba da wani fitaccen yaro da suka sani ba, yaran da ba su shigo gasar ba tukuna suka sayar.

26/
To ga matsayata. Ba da yaro don tsohon hannu halak ne a wajena, har ma wani lokacin wajibi. Amma kafin in yarda da kowane ciniki irin wannan sai na yi tambaya uku. In amsa ɗaya ta karkace, zan fara shakka. In biyu suka karkace, a ajiye wayar kawai.

27/
Ta ɗaya: kana da sarkin a gida? Lakers da Cleveland suna da LeBron, abokin tafiya suka je nema masa. Tsohon hannu yana cike giɓi ne ga wanda saura taki ɗaya. In kulob ɗinka na tsakiyar tebur ne, kawo ɗan shekara 33 zai kai ka zagayen farko ne a fitar da kai, ka rasa kofi ka rasa gurbi mai kyau.

28/
Ta biyu: shekarunsa da jikinsa. Mutane na cewa "tsohon hannu" kamar duk ɗaya ne. Davis yana da 26 lokacin da Lakers suka karɓe shi. Love yana gab da cika 26. Waɗannan ƙwararru ne da ke tsakiyar ƙarfinsu. Garnett na Brooklyn 37. George 29 da kafaɗu biyu a ɗinke. Suna ba ya buga wasa, gwiwa ce ke bugawa.

29/
Ta uku, wadda ta fi muhimmanci a wajena: yaron za ka bayar, ko goben? Zaɓi ɗaya. In ka ba da yaro ka riƙe gurabenka, ko abu ya lalace za ka faɗi ƙasa ka ɗebo wasu yaran. In ka ba da gurabe ka riƙe yaron, kana da wanda za ka gina a kansa. Clippers duka biyun suka miƙa, kuma gurabensu uku babu wata kariya a kansu.

30/
Ku auna cinikin George da wannan. Tambaya ta ɗaya sun ci, don Kawhi sarki ne. Ta biyu sun faɗi. Ta uku sun faɗi warwas. Kuma duk bayanan nan suna fili a safiyar da nake tsalle. Don haka na janye saƙona na 2019, a daina turo min shi don Allah.

31/
Akwai hujja ɗaya da masu kare Clippers ke kawowa wadda nake girmamawa: anya Shai zai zama wannan Shai ɗin da ya zauna? A Oklahoma ya yi shekara ɗaya kusa da Chris Paul yana koyo, sannan aka miƙa masa ƙwallo aka ce yi yadda kake so. Sun ci wasa 22 a wata kaka, 24 a ta gaba, babu wanda ya kore shi.

32/
A kulob mai neman kofi yau-yau ba a ba yaro wannan sararin. Ka yi kuskure biyu koci ya zaunar da kai. Na yarda da haka. Amma hujjar tana rage zafin asarar Shai ne kawai. Ba ta ce komai a kan guraben nan ba, kuma su ne suka ɗaure hannun Clippers lokacin da ya kamata su rushe su sake gini.

33/
Haka kuma masu cewa "a riƙe kowane yaro" su ji tsoron Allah. Muna tuna Shai, muna tuna Kobe da Charlotte suka bayar yana ɗan 17 don Vlade Divac a 1996, saboda sun zama manya. Yaran da aka bayar suka ɓace fa? A cinikin Love har da Anthony Bennett, na ɗaya a diraf ɗin 2013. Wa ke maganarsa yau?

34/
Mu masoya muna da wata cuta: yaron kulob ɗinmu kullum shi ne Jordan na gaba. Ya yi wasa uku masu kyau a Maris, mun fara yanka bidiyo da kiɗa. Yawancin yaran da ake zaɓa a zagayen farko ba sa taɓa zama taurari. Manaja da ya ƙi sakin kowa saboda tsoron zagi, sarkinsa zai tsufa yana jira.

35/
Kuma kada a haɗa wannan da abin da Dallas suka yi a Fabrairun 2025, da suka ba Lakers Luka Doncic mai shekara 25 suka karɓi Davis mai 31. Luka ba mai tasowa ba ne, ya riga ya taso, watanni takwas kafin nan ya kai su wasan ƙarshe. Wannan sarkin ne da kansa aka bayar. Babu ma'aunin da zai wanke shi a wajena.

36/
Abokin musuna bai yarda ba har muka tashi. Shi a ganinsa ko an ci kofi ɗaya, shekara goma na kallon yaronka yana girma ya fi daɗi. Ni kuma na ce ya je ya faɗa wa mutanen Toronto haka. Mun rabu a kan zai biya kuɗin shayi in Clippers suka ɗaga kofi kafin Thunder su ƙara wani, in ba haka ba ni zan biya.

37/
Yanzu naku. Kai ne manajan Clippers a daren nan na 2019, Kawhi yana kan layi ya ce ko George ko ya tafi Lakers, kuma ba ka san abin da Shai zai zama ba. Za ka sa hannu ko za ka kashe wayar? Kada a yi min ƙaryar "ni dama na sani". Ku sauke amsa a ƙasa, zan bi ɗaya bayan ɗaya in na dawo daga aiki 👇